Ƙwan kaji masu ruwan toka da na saya a bayan Zariya, da abin da ya fito daga injin

Hoton status ne ya ja ni wallahi ba komai ba. Wani abokin aikina ya ɗora hoton wasu kaji a WhatsApp, manya-manya masu ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi, kowane gashi da baƙin layi a bakinsa kamar an bi da biro an zagaye, na ce kai wannan kuma a ina, ya ce wani bawan Allah ne ke kiwonsu a bayan gari, yana sayar da ƙwansu kuma in kana so ya ƙyanƙyashe maka a injinsa ka biya kuɗin aiki. Ba zan kama sunan gonar ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma mutumin bai yi min abin da zan tsaya ina ɓata masa kasuwa ba.

Na je ranar wata Asabar cikin Nuwamba, sanyi ya fara shigowa. Abu na farko da ya burge ni tun a bakin ƙofa, akwai wani ɗan kwatami da ruwan magani sai ka tsoma takalminka kafin ka shiga, yaron gonar bai ji kunyata ba ya ce Alhaji a taka tukunna. Ciki kuwa kejuna ne na waya a jere, kowanne da zakara ɗaya da kaji biyar ko shida, an shimfiɗa buntun shinkafa busasshe, ba wannan warin da ke tsinka ido da kake ji a wasu gidajen kaji. Injin ƙyanƙyasar yana wani ɗaki daban da sola da batura, wanda ni shi ne ma dalilin da ya sa na bar masa ƙwan, don na taɓa sayen ɗan ƙaramin inji na gida aka ɗauke wuta kwana biyu ƙwai arba'in suka zama bara-gurbi, uwargida har yau in ta so tsokanata sai ta tuna min.

Na zaɓi kala biyu. Ƙwai 30 daga kejin masu ruwan tokan nan, zakara toka kaji toka duk na gansu da idona, sai ƙwai 20 daga wani keji da ya haɗa jan zakara da kaji wake-wake masu ratsin baƙi da fari, waɗanda ya ce min ranar da 'ya'yansu suka fito zai iya ware min maza da mata ba sai an jira zanko ya fito ba. Kuɗin ba wasa ba ne gaskiya, ƙwan toka guda uku kacal za su saya maka kiret na ƙwan ci har da canji, amma na riga na sa rai, na biya na tafi. Kwana goma ya turo min bidiyo yana haska ƙwan da tocila a cikin duhu, kana ganin jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, ya ware guda huɗu daga na tokan ya ce waɗannan babu komai ciki, ya nuna min su a bidiyon bai ɓoye ba. Wannan na yaba masa sosai, wani sai ranar ƙarshe zai ce maka ai Allah bai yi ba.

Kwana 21 cif ya kira. Na je da kwali na da murnata. Cikin ƙwai 30 ɗin 'yan tsaki 24 suka fito da rai, wanda ba laifi ko kaɗan, amma da ya buɗe kwandon sai gabana ya faɗi, 13 ne kawai masu ruwan toka, 6 baƙaƙe ƙirin kamar 'ya'yan hankaka, 5 kuma wasu fari-fari masu datti-datti kamar an goga musu toka a baya. Na ce Malam mene ne wannan? Ya ce ranka ya daɗe haka jininsu yake. Na ce wane irin jini, zakara toka kaza toka na gani da idona, ina baƙi ya fito ina fari ya fito, ko dai an cakuɗa min da ƙwan wani ne a injin. Ya rantse ya maya, ya ɗauko ɓawon ƙwan ya nuna min alamar da ya sa da fensir a kan kowanne, ni dai na kwashi kayana na fito raina a ɓace, a hanya har na tsara abin da zan rubuta a kansa a Facebook.

Allah ya taimake shi ƙanwata tana gida ranar, tana karatun kimiyyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru. Ta leƙa kwalin ta ƙirga, sai ta kwashe da dariya ta ce Yaya ai wannan kamar daga littafinmu aka ciro su, kar ka rubuta komai ka ji kunya. Ta yagi murfin kwalin ta zana akwati mai gida huɗu da biro, ta zaunar da ni kamar ɗan firamare.

Abin da na fahimta, kuma na sake bibiya daga baya na ga haka yake, kalar tokan nan da masu kiwo ke ce wa bulu ba kala ce mai zaman kanta ba, baƙi ne aka tsarma. Gashin kaza duk kalolin da muke gani daga sinadari biyu suke fitowa, ɗaya yana ba da baƙi ɗaya yana ba da ja da ruwan ɗorawa, sauran aikin duk na ƙwayoyin gado ne da ke cewa a sa nan, a rage can, a hana gaba ɗaya. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga zakara ɗaya daga kaza. To akwai wata ƙwaya da aikinta ta tsarma baƙi, ta ce min ka ɗauka tawadar allo ce, in ba ka zuba ruwa ba baƙa ce wuluk, in ka zuba ludayi ɗaya ta koma ruwan toka, in ka zuba ludayi biyu ta kusa zama ruwa sai ɗigo-ɗigo nan da can. Kazar toka ludayi ɗaya gare ta, wato ƙwayar tsarmi ɗaya da ta baƙi ɗaya, don haka in ka haɗa toka da toka kowanne zai iya miƙa wa ɗan ko wacce daga cikin biyun, a gida huɗun akwatin nan gida ɗaya baƙi, gida biyu toka, gida ɗaya mai ludayi biyu wanda Turawa ke kira sifilash. Kwata, rabi, kwata. Ni kuwa 6 da 13 da 5 na samu cikin 24, ka ga ai saura kaɗan ya zama daidai da lissafin alli. Ta ce wannan magana ta fi shekara ɗari, wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila, William Bateson da Reginald Punnett, sun yi ta gwada shi a farkon shekarun 1900 da wasu kaji da ake kira da sunan yankin Andalusiya na kudancin Sifen, kuma akwatin da ta zana min ma sunan Punnett ɗin ake kiransa da shi.

To har nan Malam ya fita, bai cakuɗa min ƙwai ba, kuma na kira shi da daddare na ba shi haƙuri a kan zargin. Amma ƙorafina na gaske a nan ya fara, don ƙanwar tawa ta ƙara da wata magana, ta ce in mutum toka zalla yake so ai ba toka da toka ake haɗawa ba, baƙin zakara ake ɗora wa farar mai ɗigon nan, shi ba shi da ludayi ko ɗaya ita tana da biyu, kowane ɗa dole ya tashi da ɗaya, ɗari bisa ɗari toka. Na ce yanzu Malam bai san wannan ba? Ta ce mutumin da ya shekara yana ƙyanƙyasar su ba zai rasa sani ba.

Da na koma bayan sati biyu karɓar maganin cutar kajin nan Gumboro na tare shi da maganar. Ya yi shiru ya sosa ƙeya, sannan ya ce Alhaji gaskiya na sani, amma ka duba min, in mutum ya zo na nuna masa baƙin zakara da wata farar kaza mai kama da wadda ta faɗa a murhu na ce ƙwansu ne zai ba ka toka, wa zai yarda, kowa ƙwan kazar da ya gani a hoto yake so. Na fahimce shi, kasuwa ce, ni kaina da a ranar farko ya nuna min hakan da na ce ɗan damfara ne. Amma duk da haka ban yafe masa wannan ba a matsayina na mai saye, minti biyu ya ishe shi ya ce min rabin abin da zai fito ne zai yi kama da iyayen, in ya so in saya da sanina. Na biya kuɗin toka talatin na samu goma sha uku, kuma ya san haka za a yi tun kafin in ciro kuɗin daga aljihu. Wannan shi ne babban aibin gonar a wajena, ba ƙarya yake yi ba amma yana barin ka da jahilcinka in dai jahilcin zai sa ka saya.

Sai kashi na biyu, na jan zakara da kaji wake-wake, wanda ya fi ba ni mamaki. Cikin 20, 17 suka fito, duk baƙaƙe, Malam ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙoƙon kai, mai ɗan farin tabo a ka kamar an ɗiga masa nono ya ajiye dama ya ce namiji, wanda kansa baƙi tas ya ajiye hagu ya ce mace, ko minti uku bai yi ba ya gama. Na sa wa mazan zare ja a ƙafa don in kama shi da ƙarya. Ban kama shi ba, da suka yi wata biyu duk masu jan zaren suka fito da zanko da ratsin wake-wake irin na uwarsu, matan kuwa baƙaƙe da ɗan ja-ja a wuya da ƙirji.

Sirrin a nan wai ya sha bamban da na tokan. Ƙwayoyin gado a jere suke a kan wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, masu raba mace da namiji kuma an sa musu haruffa. A wajen ɗan Adam namiji ne ke da X da Y, daga wajensa ake samun ko mace ko namiji, abin da ya kamata masu yi wa matansu gori a kan haihuwar 'ya'ya mata su sani, amma a kaji abin a juye yake, zakara yana da Z biyu, kaza ce ke da Z da W, ita ke raba gardama. Ƙwayar ratsin wake-wake tana zaune ne a kan Z, kaza kuma Z ɗinta guda ɗaya 'ya'yanta maza kaɗai take ba wa, matan W suke samu daga gare ta, shi ya sa ɗa namiji ke ɗauko ratsin uwa, ita macen ta tashi babu. Farin tabon nan na ka shi ne alamar ratsin tun yana ɗan tsako. In ka juya haɗin ka sa zakara wake-wake a kan jar kaza shikenan dabara ta rushe, maza da mata duk da tabo za su fito. Haka kuma in 'ya'yan suka girma ka haɗa su da junansu, shi ma ba ya yi, zubi ɗaya ne kawai, sai ka koma ga asalin iyayen. Da na ji wannan sai na gane abin da na daɗe ina gani a kasuwa ban taɓa tambaya ba, baƙaƙen kajin ƙwai na gidan gona da kokarel ɗin nan masu ratsi ashe wa da ƙanwa ne. Haka jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown, wadda aka samar a Faransa a 1978, fararen kokarel ɗin da ake sayarwa da araha ranar farko 'yan uwansu ne ciki ɗaya, can kuma wata ƙwaya ce daban a kan Z ɗin, mai sa gashi ya yi fari ko ya yi ja, matan su fito ja-ja mazan fari-fari, masu kamfani su ware cikin daƙiƙa. Shi Punnett ɗin ma da abokin aikinsa Michael Pease a 1929 sun fitar da wani iri mai suna Cambar wanda ake gane mace da namiji ranar farko zubi bayan zubi. Mu da ke zaune kusa da cibiyar binciken dabbobi ta Shika inda aka samar da kajin Shika Brown, abin kunya ne a ce sai da na yi asarar kuɗi na san wannan.

Amma fa ko a nan akwai ƙura. Cikin 17 ɗin guda biyu kalarsu daidai, baƙaƙe kamar sauran, sai dai wuyansu tsirara ba gashi, jar fata fal, irin kajin gidan nan da ake gani a ƙauye. Ranar farko ban lura ba don sun dunƙule cikin 'yan uwansu, sai da na zo ba su ruwan gulukos. Ƙanwata ta ce wannan kam kama shi, ƙwayar tsiraicin wuya mai rinjaye ce ba ta ɓuya, in ɗa yana da ita to dole uwa ko uba wani yana da ita a fili, jan zakaran da ka gani wuyansa cike da gashi, kajin ma haka, don haka uban waɗannan biyun daban ne. Da na kai masa hoton bai yi musu ba, ya ce kajin kafin ya sa su a kejin suna yawo a tsakar gona tare da wani zakaran gida mai irin wannan wuyan, kuma kwana goma kacal da raba su ya fara tara ƙwai. Ashe kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta sati biyu har zuwa uku tana ta yin ƙwai da shi, mai sayar da ƙwan iri ya kamata ya jira akalla sati uku, in ma da hali wata guda, shi ya yi gaggawa don oda ta yi masa yawa. Ya ba ni 'yan tsaki biyu a madadinsu ba tare da na roƙa ba, ya ce kuma in riƙe na farkon. Abin dariya, da zafin Maris da Afrilu ya zo, lokacin da manyan baƙaƙen nan ke buɗe baki suna haki sun saki fukafukai a gindin randa, waɗannan munanan biyun ko a jikinsu, suna ta tonon ƙasa da tsakar rana, don gashin jikinsu gaba ɗaya ya fi na sauran ƙaranci ba a wuya kaɗai ba.

Inna duk wannan bidirin kallonmu kawai take. Ita kajinta na gida shekara da shekaru kaza ɗaya za ta kwanta a kan ƙwai goma ta fito da ja da baƙi da wake-wake da durugu, ba ta taɓa kiran kowa ta yi masa faɗa ba. Akwai lokacin da jar kazarta da jan zakara suka ba ta fara tas guda ɗaya, ta ce ta ɗauko kakarta ne. Ƙanwata ta ce wallahi Inna ta fi ka ilimin, akwai farin da ke ɓuya sai ɗa ya samu daga uwa ya samu daga uba sannan ya bayyana, akwai kuma wani farin daban mai rinjaye irin na fararen kajin Leghorn wanda guda ɗaya ya isa ya rufe baƙi, shi ya sa wani lokaci za ka haɗa fari da fari ma ka ga mai kala a cikin jikoki. Inna ta ce ita dai ta san farin zakara tas ya fi kuɗi a kasuwa, kuma kowa ya san masu nemansa.

Game da girma da ƙwai, kar wanda ya ruɗe da kala, toka da baƙi da masu ɗigon duk ciki ɗaya ne, cin su ɗaya girmansu ɗaya, kuma suna da nawa, sai da suka haura wata shida kafin na ga ƙwan farko, baƙaƙen mata na ɗaya kejin sun riga su da kusan wata guda kuma sun fi su yi nesa ba kusa ba. In ƙwai kake nema ko nama na Sallah ka sayi kajin Noiler masu nama da ƙwai ko na gidan gona ka huta, waɗannan na sha'awa ne. Kuma tokan ma ba iri ɗaya suka tashi ba, wasu sun yi duhu kamar hadari wasu fayau, zakarun wuyansu da bayansu ya kusa komawa baƙi, biyu daga ciki rana ta sa gashin bayansu ya yi wani tsatsa-tsatsa, cikin 13 ɗin guda huɗu ne zan ce sun kai kyawun na hoton status. Malam ya yi min tayin wasu da yake kira labanda, su ma ruwan toka ne amma mai haske, waɗanda in ka haɗa biyu duk 'ya'yan haka suke fitowa ba baƙi ba fari saboda tasu ƙwayar sai an samu biyu take nunawa, kuɗinsu ninki biyu, na duba jelar zakaran na ga gashin a tsattsage kamar tsohuwar tsintsiya na ce a bari tukunna.

Zan sake saya a wajensa? E, don tsabtar gonar da injinsa da yadda yake ɗaukar waya ko da dare ban ga kamarsu a kusa ba, cikin 43 da na ƙare da su uku kawai na rasa kuma biyu ma shaho ne. Amma duk wanda zai je ya tambaye shi abu biyu kafin ya biya, wane zakara ne a kan wace kaza, kuma yaushe aka kulle su tare, ya kuma ce a nuna masa kejin da ido ba hoto ba.

Fararen masu ɗigon nan biyar da na so in mayar masa ranar farko, uku mata ne. Na ware su da baƙin zakara ɗaya a bayan kicin, na ƙirga sati huɗu cif a kalanda kafin na fara ɗaukar ƙwai, yanzu guda 11 suna ƙarƙashin wata tsohuwar kazar Inna da ta yi kwanci a cikin kwandon albasa, ranar Alhamis mai zuwa suke cika kwana 21. Malam ya ce in duk suka fito toka in turo masa hoto zai sa a status.